Na sayi Highlander miliyan 7 da rabi, yau an taya ta miliyan 13: riba ce ko asara?

Abban Sadiya, Kaduna

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota, dillalai da kanikawa da duk wanda ya taɓa sayar da jif bayan ya more ta.

A tsakiyar 2021 na sayi Toyota Highlander ƙirar 2012, mai injin V6, kujeru layi uku, ruwan azurfa. Beljiyam ce, daga Legas aka taho mini da ita ko lamba babu. Da kuɗin direban da ya kawo ta da rajista, ta tsaya mini naira miliyan 7 da rabi. Ranar da ta iso mita na nuna mil 118,000, yau tana nuna 171,000 da 'yan kai. Ni ma'aikaci ne, aikinta kai yara makaranta da zuwa ofis, sai zuwa duba mahaifiyata a wani ƙauye bayan Malumfashi. Wannan tafiyar ce ma ta sa na nemi mota mai tsayi tun farko, domin da damina ƙaramar mota ba ta kai labari a hanyar garinmu.

Lafiyarta ƙalau. Ba a taɓa buɗe injin ba, ba a taɓa giya ba. Na canza shokozoba na gaba, tayoyi, da kwamfreson esi. Ƙofar baya ta hagu da bamba an sake musu fenti bayan wani mai adaidaita sahu ya goge ta. Takardun kwastan suna nan cikakku.

Yanzu ga inda matsalar take. Ina da gini da ya tsaya a linta, ina so in rufe shi kafin damina. Wani dillali ya zo ya duba motar ya taya miliyan 13. Uwargida ta ce in sallama, ai miliyan 5 da rabi ce ta hau kai, bayan shekara huɗu muna hawa. Ƙanina kuma ya ce babu ribar komai, asara ce ta sa rigar riba. Na leƙa wurin masu sayar da motoci, aka ce mini irin tawa sak, Beljiyam, tana wajen miliyan 19 zuwa 20, ta 2015 kuwa sai na doshi 27. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Ga kuma mai. Tankinta lita 72 ne. Lokacin da na saye ta ina cika shi da abin da bai wuce dubu 12 ba, yanzu sai na ajiye sama da dubu 60.

To ina so in fahimta: ta yaya irin waɗannan motocin suke zubar da daraja? Akwai shekarun da faɗuwar take lafawa, ko haka za ta yi ta gangarawa? Kuma in ku ne ni, za ku sayar yanzu ko ku riƙe? Don Allah a yi mini bayani da hujja, abin ya tsaya mini a rai.

Alhajin Motoci, Kano

Wa alaikumus salam. Malam Abban Sadiya, ƙaninka ya fi kusa da gaskiya, kuma lissafin ba shi da wuya.

Mota ce da aka saye ta da dala, aka biya jirgi da dala, aka yi mata kuɗin fito a kan farashin dala. To da dala za ka auna ta. A tsakiyar 2021 dala tana wajen naira 500 a kasuwar bayan fage, miliyan 7 da rabi ɗinka dala 15,000 ke nan. In ka raba miliyan 13 da naira 1,500, farashin dala a 2025, abin da za ka gani bai kai dala 8,700 ba. Motarka ta zubar da sama da kashi 40 cikin 100. Nairar ce ta fi ta saurin faɗuwa, shi ya sa kake ganin kamar ta hau. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, kusan kowa da ke da tsohuwar mota yana ganin ya yi arziki, sai ranar da ya fita neman madadinta.

A kasuwarmu faɗuwar farko ba ta jiran shekara. Ranar da aka ɗaura wa Beljiyam lamba, ranar ta tashi daga sahun Beljiyam ta koma ta hannu, ko da mako ɗaya ka yi kana hawa. Mai saye ba ya tambayar kwana nawa, lambar kawai yake gani ya rage kuɗi, saboda ya san hanyoyinmu da man da muke zubawa da irin gyaran da ake yi. Tazarar da ka gani tsakanin 13 da 19, mafi yawanta wannan ce.

Bayan nan abin da muke dubawa: fenti na asali ne ko an sake. Ƙofa ɗaya da bamba ba komai ba ne, amma mota in aka yi mata wanka gaba ɗaya, mai saye zai ɗauka ana ɓoye hatsari ne, ko da don ƙawa aka yi. Sai takardun kwastan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma daga 2022 kwastan suna ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, don haka motar da takardarta ke da rauni tana iya rasa miliyoyi nan take, wasu masu sayen ma ba za su taɓa ta ba. Taka tana da cikakku, wannan kuɗi ne a hannunka, kada ka bari a taya ta kamar ba ta da su.

Sai siffa. Highlander ta 2008 zuwa 2013 jiki ɗaya ne, an dai sake mata fuska a 2011. Ta 2014 zuwa 2019 wani jikin ne, daga 2020 kuma wani. Wato taka yanzu tsara biyu ke gabanta. Duk lokacin da sabuwar siffa ta yawaita a titi, ta baya tana sauka mataki, ko babu abin da ya same ta. Akwai kuma masu ɗaukar ta 2008 su sa mata fitilu da bamba na 2012, su cika kasuwa da su, su ja farashin ta gaske ƙasa. Maganin wannan, ka nuna wa mai saye harafi na goma a lambar shasinka. In C ne, 2012 ce ta asali.

Batun mai gaskiya ne. Bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, na ga watannin da V6 take kwana a fili babu mai ko taɓa ƙofarta, kowa Corolla yake nema. Daga baya kasuwar ta ɗan farfaɗo, saboda mai iyali da yawa da mai shiga ƙauye ba su da mafita. Amma masu sayenta sun ragu, kuma mota in masu nemanta suka ragu, mai saye ne ke yanka farashi.

Abu na ƙarshe: 13 ɗin da aka taya, kuɗin dillali ne, shi ma sai ya ɗora nasa. Ba shi ne ƙarshen kuɗinta ba.

Ɗan Zazzau a Amurka

Sallama ga kowa. Alhaji ya gama da ɓangaren gida, bari in ƙara da abin da ya faru da motar kafin ta hau jirgi, domin a nan aka yi babbar asarar, kuma ba kai ka ɗauke ta ba.

Highlander ta 2012 sabuwa an sayar da ita a nan tsakanin dala 28,000 da wajen 37,000, gwargwadon kayan da ke cikinta. Abin da aka saba gani a kasuwar nan, sabuwar mota tana zubar da kusan kashi 20 cikin 100 a shekarar farko kaɗai, kafin ta cika shekara biyar kuma ta rasa kashi 40 zuwa 50. Daga nan gangaren yana kwantawa. Kowace shekara tana ci gaba da raguwa, amma ragin ƙarami ne, saboda abin da ya rage a jikinta ma ƙarami ne. Kashi 10 na dala 35,000 daban, kashi 10 na dala 9,000 daban.

Akwai matakai da ake gane su. Da yawa a nan ba saye suke yi ba, haya suke ɗauka ta shekara uku su mayar, sai motoci masu shekara uku su yi yawa a kasuwa lokaci guda. A daidai nan ne garantin Toyota na gaba ɗaya yake ƙarewa, shekara 3 ko mil 36,000. Na inji da giya yana kaiwa shekara 5 ko mil 60,000. Kowanne ya ƙare, farashi ya sauka. Sai mil 100,000, wanda Ba'amurke yake tsoro ko motar lafiyarta ƙalau. Mutum a nan yana cin mil 12,000 zuwa 15,000 a shekara, to ka ga mota mai shekara tara da mil 118,000 kamar taka, lissafinta ya zauna daidai. Da an kawo maka ita tana nuna 60,000, da sai in ce a binciki mitar.

Ba duka jif masu matsakaicin girma ne suke faɗuwa daidai ba. Highlander da 4Runner suna cikin masu riƙe kuɗinsu. Na alfarma na Jamus irin BMW X5 su ne suke zubewa da sauri, domin da garanti ya ƙare, kuɗin gyara yana korar masu saye.

Ka kuma sani cewa a lokacin tsada ka saya. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya tsayar da masana'antu, sababbi suka yi wuya, tsofaffi suka yi tashin da ba a saba gani ba. Wani ɓangare na abin da ka rasa a dala, wannan kumfar ce ta sauka.

Shawarata ɗaya, ko za ka sayar ko ba za ka sayar ba: ka sa a ciro maka tarihin motar da lambar shasi a Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a nan. Motoci da yawa da ke zuwa gida daga gwanjon Copart da IAA suke, waɗanda kamfanin inshora ya biya mai su ya karɓe bayan hatsari ko ambaliya. Bayan guguwar Harvey da ta cinye Houston a 2017, motocin da ruwa ya shanye sun watsu ko'ina. In tarihin taka ya fito da tsabta, ka buga shi a takarda ka ajiye tare da na kwastan. Mai saye mai ilimi zai ƙara maka kuɗi a kansa.

Oga Bakanike, Panteka

Yallabai, ni ba na lissafin dala, ƙarƙashin mota nake kwana. Kuma da girmamawa ga Alhaji, ina ganin kun ba shekara da siffa muhimmanci fiye da kima. Mota mai shekara goma sha uku, shekararta ta gama yi mata abin da za ta yi. Daga yanzu hannun mai ita ne zai ɗaga ta ko ya kashe ta. Na sha ganin Highlander biyu ƙirar shekara ɗaya, tazarar kuɗinsu ta kai miliyan 4, kuma duk a gareji aka yi tazarar.

Injin da ke cikin taka, 2GR mai lita 3.5, shi ne a Sienna da Avalon da Venza da Lexus RX 350 da Camry mai V6. Sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba. Kayansa suna nan a Panteka, suna Ƙofar Ruwa a Kano, suna Ladipo a Legas, kuma yaron gareji ma ya san shi. Dalilin da ya sa take riƙe kuɗi ke nan a ƙasar nan. Kwatanta da Murano mai giyar CVT (wani nau'in giyar otomatik), wadda in ta fara santsi sai dai a nemo wata giyar a sa. Ko Ford Edge mai V6, da famfon ruwanta yake can cikin inji, in ya fara yoyo ruwan yana iya gangarawa cikin baƙin mai. Motoci ne masu daɗin hawa, amma mai saye ya san abin da ke jiransa, shi ya sa ake taya su da arha.

Abubuwan da suke kashe darajar irin taka, mu kanikawa muna da hannu a ciki, dole in faɗa. A cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. A haɗa fanka kai tsaye. A zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji. A zuba baƙin mai mai kauri alhali an rubuta siririn da ake so a kan murfi. A zuba kowane irin man giya, alhali na Toyota mai suna WS take sha. Sai uwa uba, a fasa salansa a cire katalis, wato matatar hayaƙi, a sayar, wani lokacin mai motar bai ma sani ba. Daga ranar mai zai ƙaru, wuta ta kama a dashbod, kuma duk mai sayen da ya zo da na'urar bincike zai gani cikin minti biyu.

A mil 171,000, ka sa a duba famfon ruwa ko yana tsatsafo, da robobin ƙafa, da kujerun inji. In ba a taɓa canza man giya ba, a sauke a zuba sabo a hankali, kada a yi masa wankin matsi. In ka yi waɗannan, ban ga abin da zai hana ta ƙara maka shekaru ba.

Wasu za su ce ka mayar da ita gas. Yana rage kuɗin mai sosai in kana kusa da inda ake sayarwa. Amma tukunyar a but take zama, kuma mai kujeru layi uku in an buɗe na baya ba ta da wani but, wato ka rasa abin da ka saye ta dominsa. Kuma har yanzu masu saye da yawa suna ja da baya in suka ga an huda mota an ja bututu.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan wannan ruɗanin bai same mu ba, don sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 ga yuro guda, tun 1999. Wanda ya sayi katkat, wato jif, miliyon 9 ya hau ta shekara huɗu, ya san 5 ko 6 za a ba shi, kuma ba ya cewa an cuce shi. Faɗuwar da Alhaji ya lissafa muku da dala, mu da ido muke ganinta. Abin da ya ɗan riƙe farashin tsofaffi wajenmu shi ne rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 2023. Motocin da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina, kuɗin hanya ya ƙaru, na duwan, wato kwastan, yana nan. Da sabuwar shigowa ta yi tsada, ta hannu ma sai ta ɗaga kai.

Maman Haidar, Zariya

Abban Sadiya, tunda gini ne a gabanka, ka auna da siminti. A 2021 buhu yana wajen 3,800, kuɗin motarka ya kusa sayen buhu 2,000. A farashin 2025, a kan 10,000, miliyan 13 buhu 1,300 ne. Ka nuna wa uwargida wannan, za ta gane ba tare da an kawo maganar dala ba.

Amma kada kalmar asara ta tsorata ka. Shekara huɗu ta kai yaranka makaranta, ta kai ka wurin Hajiya da rani da damina. Abin da ta rage kuɗin wannan hidimar ne, kuma da haya ka yi ta ɗauka da ya fi haka.

Abin da nake jiye maka shi ne ka sayar ka ajiye kuɗin a banki kana jiran magini. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Motar nan a yanzu ba ta zubar da rabin haka a shekara. In za ka sayar, ka tabbata kwano da katako da mai aiki suna tsaye, kuɗin su shiga gini a makon. Sannan ka amsa wa kanka tambaya ɗaya tun kafin ka karɓi ko sisi: da me za ka je ƙauye a watan Agusta?

Abban Sadiya, Kaduna

Allah ya saka muku da alheri, kowa ya ba ni abin da zan riƙe. Maman Haidar, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci tun farko. Mahaifiyata tana da hawan jini, in aka kira ni da dare ba na son in tsaya neman motar aro.

Na duba shasi, harafi na goma C ne. Na kuma zauna da magini, rufin da ƙofofi za su ci wajen miliyan 6. Abin da nake tunani yanzu, ko dai in riƙe motar in bi shawarar Oga, in rufe ginin a hankali daga albashi, ko in sayar in sayi RAV4 ta hannu mai silinda huɗu, abin da ya saura ya shiga rufi. Alhaji, in na zaɓi na biyu, nawa kake ganin zan tsaya a kai, kuma yaushe ya fi dacewa in fitar da ita?

Alhajin Motoci, Kano

In yadda ka kwatanta ta haka take, ka sa ta 15, kada ka sauka ƙasa da 14, kuma ka nemi mai hawa da kansa maimakon mai saye ya sayar. Kada ka sake mata fenti. Ka wanke ciki sosai, esi ya yi sanyi, kada wuta ko ɗaya ta kasance a kunne a dashbod, takardun kwastan da tarihin da ɗan uwanmu na Amurka ya ambata su kasance a hannu. Makonnin da ke gaban Sallah kasuwa ta fi motsi, haka ma bayan kaka in manoma da 'yan hatsi sun sayar.

Sai dai ka yi lissafin nan da kyau. RAV4 mai lafiya tana da masu nema fiye da taka a yanzu saboda mai, don haka ba za ta zo da arhar da kake zato ba, kuma kujera biyar ce. In ka cire la'ada, da canjin suna, da gyaran da duk motar hannu take zuwa da shi, abin da zai rage maka zai yi wuya ya kai miliyan 6 ɗin rufin. Ka fara nemo RAV4 ɗin, Oga ya shiga ƙarƙashinta, a tsayar da kuɗinta, sannan ka sa taka a kasuwa.